Gidan Tsofaffi Mai Yin Doka

Bayan na gama digiri a gida na zo Guangzhou ƙaro karatu, amma sai da aka fara sa mu shekara guda ta koyon Sinanci. Jarrabawar ƙarshe ta baki ce. Kowa zai yi bayanin minti biyar a kan wani abu na ƙasarsu, wanda bai ci ba kuma ya maimaita shekarar. Na zaɓi yadda ake yin doka a Najeriya, don ina ganin kamar na san shi.

Da Hausa na fara gwada bayanin, a wani gidan abinci a unguwar Dengfeng, gaban wani Alhaji ɗan Maraɗi mai sarin takalma. Na ce masa majalisu biyu gare mu. A ta Dattawa kowace jiha kujera uku take da ita, babba ce ko ƙarama, Abuja kuma ɗaya. A ta Wakilai, mai kujera ɗari uku da sittin, yawan jama'a ake dubawa. Ƙuduri sai an yi masa karatu uku a kowacce. In suka saɓa, a haɗa kwamiti ya daidaita, sannan a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya zartar da shi.

"Malam ɗalibi," in ji shi, "ni ma sau biyu nake duba kaya kafin a rufe kwali, amma ban ɗauki mutum sama da ɗari huɗu aikin ba."

Na ce wataƙila hikimar ita ce kada manyan jihohi su danne ƙanana. Ya ce wataƙilar nan tawa ta cika yawa.

Wajen mayar da bayanin Sinanci na yi kuskuren. Da Hausa nake tunani, don haka ban nemi sunan Majalisar Dattawa a ƙamus ba. Na ɗauko kalmar tsoho, na haɗa da wata da nake gani a ƙarshen sunayen manyan ma'aikatu, na sami laoren yuan. Ya yi mini daɗin faɗa.

Ranar jarrabawa, da na ce doka ba ta tabbata a ƙasarmu sai laoren yuan ta amince, malamarmu ta ajiye biro. Ta tambaye ni a hankali ko na san wannan gidan kula da tsofaffi ne. Na ba da haƙuri, na ce a harshenmu haka sunan yake, ko kusan haka.

"Shekara nawa mutum zai kai kafin ya shiga?"

Na ce talatin da biyar.

"To me ya sa kuke ce musu tsofaffi?"

Ban shirya wannan ba. Na daɗe ina laluben kalmomi. Na ce kalmarmu ta dattijo ba shekaru kaɗai take nufi ba, tana nufin wanda ba ya gaggawa, wanda in rigima ta tashi shi ake nema. Ta ce haka suke? Na ce ba zan iya rantsuwa ba, ina jin sunan nan fata ne muke yi musu.

Ta rubuta mini kalmar da ta dace a allo, ta sa na maimaita sau uku. Bayan mako guda sakamako ya fito. Na ci, da maki biyu sama da iyaka.