Goggo Mai Laima, Wadda Ta Yi Gona a Cikin Leda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Goggo, yayar mahaifina, wadda unguwa ta sani da Mai Laima, bayan gajeriyar jinya.

Goggo, da tsokana aka raɗa miki sunan nan, kika karɓe shi hannu biyu. Gidanki yana bayan injin casar shinkafa, inda ake tara ƙaiƙayi a cinna masa wuta. Hayaƙin ya kama ƙirjin autarki har makaranta ta gagare ta. Kika je kika yi magiya, mai injin ya ce ba shi da inda zai kai sharar. Kika ce, "To, a kawo mini ita."

Wata malamar gona ce ta nuna miki akwai laimar kwaɗi da ake ci, fara, mai fitowa kamar kunnuwa a jere, kuma a kan irin wannan shara take tsiro. Kika kwashe tarkacen ɗakin ajiya, kika toshe tagar da buhu. Ki jiƙa ƙaiƙayi da totuwar masara, ki turara a durom, ki ɗura a leda, ki zuba iri, ki rataye. Zubin farko duk ya yi funfuna, wari har titi. Mahaifina ya ce, "Yaya, don Allah ki rufa mana asiri." Kika ce, "Turarin ne bai isa ba. Kama min durom ɗin nan."

Na biyu ya yi kyau, amma babu mai saye, wai guba ce. Sai kika soya da albasa, kika zauna a ƙofar gida kina ci, kina ce wa masu leƙe, "Ku samu wuri ku zauna, ku jira faɗuwata." Telan da ke maƙwabtaka da ke ya fara miƙo hannu, kuma shi ya suɗe kaskon.

Daga nan masu gidajen abinci suka san hanyar gidanki. Ba a sake cinna wa ƙaiƙayin wuta ba, autarki ta koma aji har ta gama. Matan da suka yi miki dariya suka zo koyo, ba ki tuna wa ko ɗaya abin da ta faɗa ba. Sai dai wadda ta taɓa iri ba ta wanke hannu ba, ranar ta sha faɗa.

A asibiti, murya ta riga ta dushe, kika jawo hannuna kika ce, "An yayyafa wa ledojin ruwa?" An yayyafa, Goggo. Matan sun raba aikin a tsakaninsu tun kafin mu roƙe su.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya yalwata makwancinki, ya sa abin da kika koyar ya zama sadaka mai gudana. Ga 'ya'yanki da jikokinki, da mahaifina wanda har yau ya kasa shiga ɗakin ledojin nan, Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Amin.