Launin Ruwan da Baba Bai Gani Ba

A ɗakin jira na asibitin ido da nake kai surukina, can cikin Manhattan, akwai wata talabijin a jikin bango wadda ba ta nuna komai sai teku. Ba labarai, ba ƙwallo, ruwa ne kawai yana zuwa yana komawa a kan farin yashi. Baba, mahaifin matata, ya zo ne daga Damagaram neman magani. Hawan jinin ido ya cinye masa gani ta gefe da gefe, saura ɗan tsakiya, don haka in zai kalli abu sai ya juya kansa gaba ɗaya ya saita shi. Haka yake saita talabijin ɗin nan duk ranar da muka je, har a kira shi.

Maɗinki ne, a kan aikin wuyan riga ya ƙare ƙuruciyarsa. Wata rana, ba tare da ya dube ni ba, don dama ba ma haɗa ido, ya ce, "Baban yara, wannan launin gaskiya ne, ko na'ura ce ta ƙara masa? Ba shuɗi ba ne, ba kore ba ne. Duk zaren da ya bi ta hannuna ban taɓa gamuwa da irinsa ba."

Na ce gaskiya ne, Baba, a Miami ma akwai irinsa. Ni kuwa ko hanyar Miami ban sani ba, a bakin fasinja nake jin labarinta, don tasi nake ja. Na fara gwada na kusa, na kai shi bakin tekun Brooklyn cikin tsananin sanyi. Iska ta sa idonsa hawaye, ya saita ruwan, ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan ai kwanon rufi ne." Muka koma mota.

Ba a jima ba likita ta keɓe matata ta ce mata maganin ɗigawar ba ya riƙe ciwon yadda ake so, in akwai abin da tsoho yake son gani, a nuna masa yanzu. Matata na da tsohon ciki, ba halin ta hau jirgi. Ta zo gida, unguwarmu ta Concourse Village, ta zauna a bakin gado tana kuka, ta ce, "Kai za ka kai shi Miami." Na ce to. Da ta fita na zauna ina salati, don ni tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gaban Baba ba, in zai shigo falo ta nan, ni ta can nake fita. Yanzu kuma an ce mu kwana ɗaki ɗaya.

Akwai wani abokina mutumin Kumasi, shi ma direba, da muke haɗuwa a wani gidan abinci a Harlem bayan Juma'a. Ya taɓa zama Florida, jihar da Miami take. Da na gaya masa, ya ajiye cokali ya ce, da irin kiran da suke yi wa aboki a Kumasi, "Massa, wane wata?" Na ce Maris. Ya kama kai.

"Wannan lokacin hutun yaran jami'a ne, duk ƙasar nan can suke zubowa. Ji nan. Kar ka kama otal a layin da ake kiɗa, ka matsa arewa inda masu iyali suke zuwa. Duk abin sha da suka ba ka da 'ya'yan itace a bakin kofi, ka tambaya ko akwai giya, ka sake tambaya. Kar ka bar waya da takalmi a kan yashi ka shiga ruwa. In ka ga jan tuta, ruwa na ja, kar tsoho ya sa ko ƙafa. Ka saya masa baƙin gilashi, ranar can ba ta wasa da mai ciwon ido."

Ni fa ina da wani hali, ba na son a karanta mini hanya. Na ce masa, "Haba Alhaji, mutumin da yake ratsa New York safe da yamma shi za a koya wa shiga gari?" Na ɗauki maganar gilashi da ta giya, na watsar da ta otal. A waya na ga wani mai araha, an rubuta cewa taku kaɗan ne zuwa bakin ruwa, na ce shi ke nan, tsoho ba zai wahala da tafiya ba.

Ba su yi ƙarya ba, taku kaɗan ne. Abin da ba su rubuta ba shi ne abin da ke cikin takun. Da la'asar muka sauka, tun kafin mota ta tsaya na ji kiɗa yana bugun ƙirjina. Jama'a ta cika titi maƙil, maza ba riga, mata kuwa, wallahi abin da ke jikin wasu bai kai hankicin da Baba yake share ido da shi ba. Ga ni da surukina, da babbar riga da rawani da carbi. Gumi ya karyo mini. Na fito da sauri na tsaya tsakaninsa da titi, ina ta surutu a kan matakala, "A hankali Baba, dubi ƙasa Baba," har muka shige. Da ma'aikaciyar otal ta tambaye ni ko muna son ɗakin da ke kallon gaba, inda ake hango ruwa ta saman titi, na ce a'a, na baya. Tagarmu ta buɗe a kan bango da injinan sanyaya ɗaki.

Na samo masa alƙibla a waya, na jera masa dambun nama da garin kunun da matata ta haɗo, na ce bari in je in duba hanya. Na ratsa titi na hau yashi. Subhanallahi! Ashe talabijin ɗin ma rage masa ta yi. Kusa da ƙafata fari tas, gaba kaɗan wani kore mai haske, can nesa shuɗi mai duhu, duk a shimfiɗe kamar sabon yadi. Na tsaya baki buɗe. Amma daga inda nake zuwa bakin ruwan, babu wurin da za ka sa ƙafa ba ka tsallake mutum a kwance tsirara-tsirara ba. Na hango kaina ina ratsa su da Baba, yana juya kai yana saita duk abin da ya gifta, ni kuma ina gefensa. Na ji ba zan iya ba.

Da na koma na tarar da shi ya sa gilashi, ya sa takalmi, yana zaune a bakin gado da sandarsa. Na ce, "Baba, sun kafa jan tuta, yau an hana zuwa." Ya ce, "To, Allah ya kai mu gobe." Ya sunkuya ya cire takalmin da kansa. Tutar da na gani kuwa koriya ce.

Na yi wa kaina alkawari da asuba za mu je, kafin su tashi. Abin da ban lissafa ba, mutanen garin nan da asuba suke komawa gida. Gari ya fara wayewa muka fito, titi duk kofunan roba da warin giya. Ba mu yi nisa ba sai ga wasu 'yan mata suna tafe suna tangaɗi, takalma a hannu. Ɗaya ta hango rawanin Baba ta yi ihu, ta nufo mu da waya, wai yana da kyau, tana son hoto da shi. Har ta kai hannu kafaɗarsa. Na daka mata tsawar da ni kaina sai da na tsorata, na juya da shi. Ya ce, "Lafiya?" Na ce mashaya ne, Baba, wurin ba tsaro, mu bari sai an jima. Ina jin ƙarar igiyar ruwa a bayanmu. Na san shi ma yana ji, don kunnensa ya fi nawa.

An jima ɗin ba ta zo ba. Rana ta ɗaga, yashi ya sake cika. Na ce rana ta yi zafi ga idonsa. Da yamma na ce cunkoso. Matata ta bugo waya tana murna, "Ya gani? Me ya ce?" Na shiga banɗaki na rufe ƙofa na ce mata hanya muke nema, ta daina damuna. Har faɗa na yi mata, mai tsohon ciki, don kawai ta tambayi abin da ya kawo mu. Maganar abokina ta faɗo mini, ta wurin masu iyali da ke arewa, na ce gobe da safe zan ɗauki mota mu je, kowa ya huta. Da safen aka tashi da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, sama da teku suka zama toka, aka wuni ana yi. Wannan karon da na ce masa an kafa jan tuta, gaskiya na faɗa, kuma ita ta fi yi mini ciwo.

Ranar komawa gari ya washe. Jirginmu na safe ne. A kan doguwar gadar da ke fita daga garin, ruwa ya bayyana dama da hagu yana walƙiya. Na manta da duk wata kunya na ce, "Baba, ga shi nan! Dubi dama!" Kafin ya cire gilashi ya juya kai ya saita taga, wata babbar mota ta jero da mu ta tare. Da ta wuce mun kusa sauka. Ya ce, "Na ga haske, alhamdu lillahi." Da muka iso gida matata ta tare shi a ƙofa, ya ce mata, "Mijinki ya yi ɗawainiya, Allah ya yi masa albarka." Ban iya cewa amin ba, na wuce ɗaki da jakunkuna.

Na ce za mu koma bayan ta haihu. Ta haihu, aka yi suna, aka shiga hidima. Kafin zafi ya kankama, ɗan tsakiyan da ya rage masa ya rufe. Jaririyar ma da hannu ya san fuskarta.

Cikin bazarar nan, wata Lahadi, zaman gida ya ishe shi, na ɗauke shi zuwa bakin ruwan da ke nan Bronx. Wurin ya cika, kiɗa, hayaƙin gashi, mata da irin shigar da na gudu a Miami. Dole na kama hannunsa, karo na farko tun da na san shi. Hannun ba nauyi, kan yatsunsa duk kanta ta allura. Na ratsa da shi ta tsakiyarsu ina cewa dama, hagu, ɗaga ƙafa, ba wanda ya kula mu. Ya naɗe wando, ruwa ya taɓa idon sawunsa, ya yi 'yar dariya.

Ya ce, "Nan ma 'yan matan suna nan ko? Ina jin muryarsu."

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Can ma na ji su, tun daga cikin mota. Na san abin da ya hana ka. Ni ma kunyarka ce ta hana ni magana, na ga kana ta wahala." Ya ɗan matse hannuna. "Ai da ka riƙe ni haka, baban yara. Sai in runtse ido ka ja ni har bakin ruwa, sannan in buɗe."

Ruwan da ke gabanmu ruwan ƙasa-ƙasa ne, da ledoji a gefe. Bai tambaye ni launinsa ba. Muka tsaya a ciki, hannunsa a nawa, ina kuka a hankali don kar ya ji, alhali na san yana ji.