Sunan da na hana a ara

Bana shekara shida ke nan da rasuwar ɗana na fari. A farkon damina ya tafi, ana tsaka da shukar masara, bayan wani zazzaɓi da bai daɗe da kwantar da shi ba. Ba za ku ji sunansa a bakina ba, don ko yana raye ban taɓa kiransa ba; a gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Na-Gozaki nake ce masa, saboda can yayata ta yaye shi. Ni ban yi boko ba. Rabi, matar da ya bari, ita ke rubuta abin da nake faɗa. Ta yi wani auren a Malumfashi, amma ba ta yar da ni ba.

Awo nake yi a cikin gida nan Funtua, dawa da masara da waken suya, kuma mai awo idonta ba ya barin hannun mutane. Da wannan idon na riƙa kallon yaron nan tun da ya gama makaranta ya dawo da kwamfuta a jaka. Da rana yana gyaran wayoyi a shago, da la'asar ya shimfiɗa tabarma a zaure ya duƙufa. Na tambaye shi wa ke biyansa wannan zaman. Ya ce ba kowa.

"Gayya ce, Inna. Sai dai 'yan gayyar ba mu taɓa ganin juna ba."

Ban ji daɗin amsar ba, amma na bar shi ya yi bayani. Wata manhaja ce da ake sa wa a waya. Mutum ya riƙe wayar ya zagaye gonarsa ta kan iyaka, ita kuma ta faɗa masa girman gonar, daga nan a san buhun taki nawa za ta ci. Malaman gona na yankinmu da ita suke aiki. Ya ce ba ta da mai ita. Kowa na iya buɗe cikinta ya duba, in ya ga ɓaraka ya gyara ya aika. Gyaran nan faci suke ce masa, kamar na taya. Akwai wasu manya a ƙasashe daban-daban da ke duba kowane faci kafin su karɓa.

Abin da ya sa na daina yi masa kallon mai ɓata lokaci shi ne abin da ya ce ana rubutawa a ƙasan facin. Mutum zai sa cikakken sunansa na gaskiya, ya shaida cewa shi ya yi aikin, ko kuwa yana da ikon miƙa shi, ba ɗauko na wani ya yi a ɓoye ba. In wani ya taya shi, a rubuta. In wani ne ya fara gano matsalar, shi ma a rubuta. Na ce masa wannan ai shaida ce. Ya ce ita ce. Na ce to, wanda ya sa suna a kan ma'auni ya ɗauki kaya, don duk gonar da aka auna ba daidai ba akwai rabonsa a ciki. Ya yi dariya ya ce manyan nasu ma ba su faɗe ta da zafi haka ba.

Yana da aboki, Bashari, tare suke aikin. Yaro ne mai kaifin kai da gaggawa. Wata rana ina tankaɗe a tsakar gida na ji muryoyinsu sun tashi a zaure. Bashari ya ɗauko wani yanki daga aikin wani mutum ya haɗa da nasa, yana so ya aika da sunansa shi kaɗai. Ɗana ya ce ya faɗi inda ya ɗauko. Bashari ya ce ɗan guntu ne, wa zai lura. Ɗana ya ce shi ya lura. Sun yi kwana biyu ba sa ga maciji, daga baya suka shirya. Na kuma taɓa jin ɗana yana kiran wani malamin gona a Dandume, wanda ya fara lura cewa ma'aunin na tauye gonakin bakin rafi masu lanƙwasa, yana tambayarsa yadda yake so a rubuta sunansa. Mutumin ya ɗauka zolaya ce.

Gyaran wannan tauyewar yake yi ciwo ya kama shi.

Bayan sadakar arba'in Bashari ya zo. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya yi gaisuwa mai tsawo, na gane da magana ya zo. Rabi tana takaba, tana bayan labule. Ya ce marigayi ya ci fiye da rabin aikin, shi zai ƙarasa. Ya ce ana gab da rabon takin zubi na biyu, kuma duk mai gona a bakin rafi za a ba shi ƙasa da abin da gonarsa ke bukata. Kwamfutar yake so, da kalmar sirrin da ake buɗe ta, wadda Rabi ta sani. Na ce wannan mai sauƙi ne. Sai ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, da sunansa zan aika. Manyan sun san shi, in suka ga sunansa ba sa jan lokaci. Nawa sai sun yi ta juya shi. Kuma ba su san ya rasu ba."

"Shaidar nan ta ƙasa, wa zai yi ta?"

"Ni zan rubuta."

"Da bakin wa?"

"Tsari ne kawai, Hajiya. Ai aikinsa ne. Da zai iya magana cewa zai yi a tura."

"Wataƙila. Amma ba ya iyawa."

Ya ce lada ce za ta riƙa bin marigayi har kabari. Na ce in rabin da zai ƙarasa ya karkace fa, me zai bi shi? Daga bayan labule Rabi ta yi magana, ita da ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Ta ce, "Inna, sunan da ko faɗinsa ba ki yi, ki bari ya yi wa mutane amfani mana." Maganar ta shige ni har yau. Yanzu ma da na sa ta rubuta, sai da ta ajiye biro ta kalli ƙasa. Na ce ta rubuta yadda ta faɗa.

Na tashi na ɗauki kwamfutar na sa a adakata na kulle, na ɗaura makullin a bakin zane. Na gaya wa Bashari sharaɗina. Ya sanar da mutanen nan cewa yaron ya rasu. Ya ɗauki aikin ya ƙarasa. Ya rubuta cewa wane ne ya fara bai gama ba, ya bar sunan malamin Dandume inda yake, shaida kuma ya yi da nasa sunan. In ba haka ba, kwamfutar ta ruɓe a adaka.

Ya tafi bai yi sallama ba. Da ya ga ba ni da niyyar sauka ya dawo. A gabana aka buɗe kwamfutar, a kan tabarma, ni da ba na gane ko harafi ɗaya. Na sa Rabi ta karanta min abin da ya rubuta a ƙasa, ta fassara, na sa ta maimaita. Na riƙa kallon fuskarsa tana karantawa, don in da ha'inci a nan zan gani.

Abin da ya ji tsoro kuwa ya faru. Manyan suka aiko da ta'aziyya, aka karanta min, kalamai masu kyau. Sannan suka riƙa dawo masa da facin da tambayoyi, ya amsa su sake dawowa da shi. Aka raba taki da tsohon ma'auni. Sai bayan girbi suka karɓa. Akwai maƙwabcinmu mai gona a bakin rafi, ta hanyar Malumfashi, wanda takinsa bai kai ƙarshen gona ba, gefe guda na masararsa ya yi rawaya ya tsaya. Labari ya kai masa cewa wata tsohuwa ce ta kulle gyaran a adaka. Matarsa ta daina awo a wurina, shi kuma ya koma gaishe ni da hannu daga nesa. Na ga masarar da idona, na je musamman. Ba na cewa ban da hannu a ciki. Amma da za a mayar da ni ranar, makullin nan zan sake ɗaurawa.

Yanzu duniyar tasu ta sake. Bashari yana Kaduna, ya yi ƙiba, yana da yara a ƙarƙashinsa. Shekaru bai tako gidan nan ba, sai da sallar layyar bana ya zo da nama. Shi ya ba ni labarin cewa yanzu na'ura ke rubuta facin. Mutum ya gaya mata abin da yake so, kafin ya sha ruwa ta gama. Na ce to sunan wa ake sawa a ƙasa? Ya ce na mutumin. Na ce ya karanta abin da ta rubuta? Ya ce wasu na karantawa. Wai rigima ake ta yi a tsakaninsu, wasu sun ce dole a faɗa in na'ura ce ta yi, wasu sun ce ba ruwan kowa.

Na yi ta tunanin abin da Na-Gozaki zai ce. Ba zai ƙi na'urar ba, na san shi da son sabon abu, da shi zai fara gwada ta a zaure har ya manta da abinci. Ni ma da injin niƙa ya zo unguwarmu ban tsaya kan dutse ba. Amma ban taɓa miƙa wa baƙo garin inji na ce niƙan hannuna ne ba. Ina jin zai zauna ya karanta duk abin da ta rubuta kafin ya sa suna, a yi ta yi masa tsiya wai ya cika nawa. Kuma ina jin da zai sake ɓatawa da abokai. Yaron da ya yi faɗa a kan ɗan guntu, ban san yadda zai yi da zamanin da ake shaida a kan abin da ba a duba ba.

Da Bashari zai tashi ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce a tarihin manhajar sunan marigayi na nan, ba ya gogewa. Amma a jikin abin da ke aiki a wayoyin mutane yau, wuraren da ke ɗauke da sunansa sun ragu ƙwarai, an sake rubuta yawancinsu. Bana za a sake ɓangaren awon gaba ɗaya, shi ne ma zai jagoranta.

"Da kin bari a wancan lokacin, Hajiya, da sunansa ya fi haka yawa. Yanzu ma in kin yarda zan sa shi tare da nawa a kan sabon, a matsayin wanda muka yi tare. Ba wanda zai hana."

"Ya sa hannu a sabon?"

"A'a."

"Waɗanda suka rage fa, shi ya yi su?"

"Shi ya yi."

Na ce to ya bar shi haka. In yana so ya yi masa alheri, ya rubuta cewa a wurinsa ya koyi aikin, in har gaskiya ne. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu. Ya ce gaskiya ne. Ban sani ba ko zai rubuta, ban kuma sa shi rantsuwa ba.

Na auna abin da yaron nan ya bari, bai cika mudu ba. Bai gina gida ba, bai bar ɗa ba, aikin da ya ba ƙuruciyarsa kuma ana ta maye shi da na wasu, baɗi zai ƙara raguwa. Wani lokaci ina zaune bayan la'asar zauren ya yi min faɗi, in ji kamar na yi masa rowar abin da abokinsa ya so ya ba shi. Amma duk inda aka buɗe aka ga ya shaida, yana raye ya shaida, da hannunsa, ya san abin da ke ciki. Wuri ɗaya ne wani ya rubuta sunansa a bayansa, inda aka ce shi ya fara bai gama ba, kuma haka ɗin aka yi. In an tashe shi aka tambaye shi a kan sunansa, ba zai tarar da abin da bai sani ba. Iyakar abin da na iya yi masa ke nan. Allah ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa, mu kuma ya sa mu cika da gaskiya a baki.