Durƙuso Bayan Aikin Gwiwa

Ƙarfe huɗu da kwata ne na yamma. Na sani domin na duba agogo, ina sauri kada a rufe ɗakin karatu. Na sauko daga adaidaita sahu a Kazaure, rungume da littattafai, ƙafar dama ta maƙale a bakin kwata, jikina ya juya ya bar ta. Na ji ƙas a cikin gwiwa.

A Kano aka yi mini aiki. Jijiyar da ke riƙe gwiwar ce ta tsinke, aka ciro wata daga cinyata aka dasa. Ɗinki ya warke, kumburi ya saɓe, na ajiye sanda. A gida kowa ya ce na samu lafiya.

Amma gwiwar ta daina gaya mini inda take. Matar da ke koya mini motsa ƙafa a asibiti takan lanƙwasa ta, ta miƙar, ta ce in rufe ido in mayar da ita yadda ta yi. Sai in tsaya da yaƙinin na dace, in buɗe ido in ga na yi nisa da wurin. In ina kallonta tana bin abin da nake so. To, zane ya rufe ta, hijabi ya rufe zane.

A gidanmu kuwa ba a miƙa wa babba abu a tsaye. Ranar da Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Roni da surukarta, Inna ta ɗora mini faranti da kofunan kunun gyaɗa. Na zo durƙusawa, na zaci gwiwar ta kusa ƙasa, na sakar mata nauyina. Ashe da saura. Na zube, kunu ya malale har kan zanen baƙuwa.

Na yi ƙoƙarin bayani, murya ƙasa-ƙasa.

"Zafi take miki?" in ji Gwaggo.

"A'a, Gwaggo."

"To! Ƙafar da ke kai ki makaranta kullum, durƙuso ne kaɗai ya gagare ta? Boko dai ya hau miki kai."

Daga ranar na koma gaisuwa da ɗan rusunawa, abin ya ƙara muni. Ni da ake kwatance da ni wajen kunya, na zama wadda ake nuna wa yara kada su yi koyi da ita. A ɗaki nakan tattare zane, in dafa bango, in rufe ido, in yi ta gwadawa. Wani lokaci in dace.

Na sha tambayar Baba ko shi ya yarda da ni. Kullum sai ya ce bari ya dawo daga masallaci. Ana gobe sunan ɗan yayana na tare shi a zaure.

"Baba, kai ma gani kake da gangan nake yi?"

Ya daɗe yana kallon ƙafar, wadda ba abin gani a jikinta.

"Da gangan ne ko ba da gangan ba, Mamana, gobe in baƙi sun zo ki zauna a ɗaki. Ƙanwarki ta kai musu."