Bakan Ilu da Ƙafar Barewa

Ilu manomi ne a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, kuma babu maharbi ko ɗaya a zuriyarsu. Shekarar babbar yunwa, farkon zuwan Turawa, rumbunsa ya ƙare tun bazara, ga 'ya'ya biyar. Sai ya je wurin Ubale, Sarkin Bakan garin, ya roƙi a taimaka masa da baka.

Ubale ya dube shi sama da ƙasa. "Kai Ilu? Hannun da bai san komai ba sai ƙotar fartanya? Je ka jefi gafiya da hoge."

Ilu ya juya ya nufi daji. Ya saro sandar dargaza ya gasa ta a wuta, ya murza tsarkiya da fatar akuyarsa ta ƙarshe, maƙeri ya buga masa kibau uku. Kwana tara yana kuskure. Ran kwana na goma ya kayar da barewa.

Al'ada ita ce a kai wa Sarkin Baka ƙafar gaba. Ilu ya sani sarai, amma ya sa matarsa Lauratu ta dafa duka.

Washegari Ubale ya zo da maharba uku, ya taka bakan har ya karye.

"Ranka ya daɗe, ka makara," in ji Ilu. "Ƙafar taka tana cikin yarana. Shiga ka karɓo."

Aka hana shi dajin. Ya kwashe iyalinsa ya koma Maigatari, can ya haɗa wani bakan ya ci gaba da harbi. Yaran duka sun rayu, amma har ya rasu bai sake taka garinsu ba.