Safiyar da Suka Bi Ni a Hanyar Gangara

Shekarun baya, lokacin da nake shugabantar wata lakwal, wato makarantar boko, a Tanut, likita ya auna ni ya ce jinina ya hau. Na haura arba'in, na ajiye tumbi, kuma na ji kunyar kaina ƙwarai, domin a makarantar mishan inda na yi karatu, gudun safe wajibi ne kamar wanke fuska. Malaminmu yana da doka guda: wanda ya fara gudu ba ya tsayawa, ba ya waiwaye, sai ya taɓa iyaka. Shekara ashirin rabona da gudu, amma dokar tana nan a kaina.

Na tsara abin yadda nake tsara komai. Ƙarfe shida daidai in fita da gajeren wando da agogo, in bi hanyar Gangara har gindin wata aduwa, in taɓa ta, in dawo. Makon farko na yi ta haki kamar tsohon jaki. Cikin wata biyu numfashina ya daidaita, har na fara alfahari.

Matata ba ta so ba. Ta ce, "Malam, babba ba ya gudu a garin nan sai da dalili, ko gobara ko ɓarawo. Kuma ka dubi shekarar da muke ciki." Na amsa mata cewa lafiyar jiki ba ta jiran damina.

Shekarar fari ce. Makiyaya daga wajen Tarka da Belbeji, waɗanda dabbobinsu suka ƙare, sun yi zango a bakin gari suna jiran kamyo, babbar motar hatsin taimako. Ba wanda ya san ranar zuwansa, kuma wanda ya riga isa shi ke samu. Kullum sababbi na ƙaruwa, har zangon ya kawo bakin hanyata.

Wata safiya na ji takun ƙafa a bayana. Takun ya yawaita, na ji ƙarar kwanoni, na ji ana kira, "Mushe! Mushe!" yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Na ɗauka tsokana ce, na ƙara sauri.

Sai da na taɓa aduwar na juya. Mutane ne jere a hanya, mata da goyo, tsofaffi da buhuna babu komai ciki, wasu sun riga sun zube. Sun ga ma'aikacin gwamnati a guje, suka tabbata ya ji labarin kamyo.

Wani dattijo ya ƙaraso yana jan ƙafa, ya durƙusa a gabana.

"Ɗana, ina motar?"

"Baba, babu mota."

"To me ya koro ka?"

Ban iya ƙarya ba, ba a koya mini ba. Na ce, "Motsa jiki nake yi. Likita ya ce in rage ƙiba."

Ya dube ni tsawon lokaci. "Rage ƙiba," ya maimaita a hankali. Bai zage ni ba. Ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, ɗana." Ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Mu huɗu muka ɗauke shi zuwa asibiti, ba shi da nauyin buhun gero. Kwana uku ya rasu.

Likita ya ce yunwa ce ta kashe shi, in daina ɗora wa kaina. Na gode masa, amma ban karɓa ba. Na ajiye gudu har aka yi damina biyu, sannan na koma, domin jinin bai sauka ba. Na ci gaba har gwiwoyina suka ƙi.

Na yi rayuwata ina ganin cika ƙa'ida shi ne mutunci, kuma ɗalibaina sun sha wuya a hannuna saboda haka. Har yau ban ce ƙa'ida banza ce ba. Sai dai na sha lissafa safiyar nan: sau huɗu aka kira ni kafin in kai rabin hanya. Da na amsa kiran farko, da taku ɗari kawai dattijon nan ya yi.