Ƙarar Muƙamuƙin Kaka

A gidanmu na Ƙofar Kware, nama ne sana'a. Maza suna mahauta, kakata kuwa, wadda ta haifi babana, ita ke dafa kawunan raguna ana kai wa kasuwa da safe. Da an sallame magariba sai mu jikoki mu kewaye murhunta, tukunya na tafasa, muna jiran tatsuniya da ɗan romo. In ta buɗe baki za ta fara, sai ka ji wani ƙas daga gindin kunnenta. Mu kuwa mu fashe da dariya, ni ne ma kan gaba wajen kwaikwayo.

"Ja'irin miji," in ji ta, "ba ka kawo cefane, sai dariyar mata taka."

Akwai tatsuniyar da na fi so, ta kura da saniya. Kafin ta fara sai ta tsamo ƙashin muƙamuƙin rago ta nuna mana inda yake shiga ƙoƙon kai, da ɗan guringuntsin da ke tsakaninsu kamar matashi. Ta sa mu ɗora yatsa gaban kunne mu buɗe baki, mu ji ƙashin ya juya sannan ya zamo gaba. Ta ce mu cije haƙora, mu ji tsokar kunci da ta saman kunne sun kumbura. Sai ta ce, "To ga ta nan ta iso muku."

Wai kura ce ta ga saniya kwance tana tuƙa, baki na tafiya hagu da dama cikin natsuwa, sai abin ya ba ta sha'awa. Ita nata muƙamuƙin sama da ƙasa kawai ya sani, don fasa ƙashi aka yi shi. Saniya ta ce mata kowa da irin taunar da Allah ya ba shi, kura ta ƙi ji. Ta samo ƙaton ƙashi, ta murɗa baki gefe da ƙarfin tsiya, sai gaɓar ta goce. Ta kwana uku baki a wangame, ga nama ga yunwa.

"Kun ji dai," Kaka kan ce, "baki na da iyakatai. Wanda yat tilasta mai, shi ka kuka."

Mun ɗauka da kura take. In ta ce ta gaji, mu ce sai ta ƙara ɗaya, ta kuwa ƙara.

Da na girma na samu aiki na koma unguwar Arkilla, duk Juma'a sai na kai mata kilishi, mai kaurin nan da ya sha ƙuli. A gidan mahauta ba a girmama tsoho da kunu, nama ake kai masa. Ba na tashi sai ta ci a gabana, ina jin daɗi wai ni mai kula da kaka. Takan yagi kaɗan ta daɗe tana juya shi a gefe guda, ta sa mini albarka.

Shekara biyu bayan rasuwarta nawa muƙamuƙin ya fara ƙara da ciwo. Likitan haƙori ya ɗauko ƙoƙon kai na roba ya nuna mini matashin nan, ya ce idan ya goce daga wurinsa, shi ke yin ƙas ɗin. Ya hana ni abu mai tauri, da doguwar magana, da wangame baki. Ina fita na wuce wurin goggona, wadda ta yi jinyar Kaka, na tambaye ta.

"Sai yanzu kas sani?" ta ce. "Duk ran da kat taho, ruwan zahi nika dafa mata ta gasa kunci har dare. Nic ce in hwaɗa ma, tac ce kul, kar in kashe ma yaro zuciya."

Wallahi na ji kunya, kuma har yau ina jin ta. Na yi ta juya abin a raina, na ga ba rashin ƙauna ba ne, ƙaunar ce ta hana ni dubawa, don ni jin daɗina nake kallo. Ta koya mini yadda gaɓar take tun ina ɗan shekara bakwai. Shekara ashirin ina zaune gabanta, ban taɓa ce mata, "Kaka, yana ciwo?" ba.